Gonar Wiwin da Aka Tsinke wa Kai

Farcen babban yatsan Rahimu ya riga ya yi kore shar kafin rana ta leƙo ta bayan dutse. Tana durƙushe a tsakiyar gona, zanenta mai ratsin ja da fari ya jiƙe da raɓa har gwiwa, tana bin 'yan tsiron kif ɗaya bayan ɗaya. Sai ta kama kan tsiro tsakanin yatsu biyu, ta yi bismillah can ƙasan maƙogwaro, ta tsinke, ta jefa a haɓar zane, ta matsa gaba. Duk wanda ta tsinke sai ta waiga wajen gida, kamar mai satar kaza.

Ai kuwa da abin waige. A duwatsun Rif, kif ɗin nan da wasu ke kira wiwi shi ne gero, shi ne dawa. Tun kaka da kakanni watsa irinsa ake yi da hannu, ya fito cunkus, kowane kara ya miƙe sambal da kansa guda ɗaya, kuma albarkar duk a kan take. Ba a taɓa jin wanda ya sa hannu ya cire wa kif kai yana ɗan tsiro ba, in ba akuya ba, ita ma sai ta sha jifa.

To, amma bana ba kamar kowace shekara ba ce. Kwana biyu da shuka aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe irin ya gangara da shi kwari. Da gonar ta tashi fitowa sai ta fito jefi-jefi, nan ɗaya can ɗaya, kamar haƙoran tsohuwa. Mijinta Mufaddal ya tsaya a bakin gonar ya daɗe yana kallo, hannu a ƙugu.

"Wannan ba gona ba ce," in ji shi. "Kan mai sanƙo ne."

Washegari ya ɗauki jaka ya nufi birnin Tituwan yin leburanci. Bai ɓoye mata ba, ya ce a can zai nemi masu kwalekwalen roba da ke tsallakar da mutane teku zuwa Sifen. Zai dawo bayan kwana arba'in ya sake duba gonar, in ya same ta yadda ya bar ta, to sallama ce ta kawo shi. Ƙanin Rahimu ma irin wannan kwalekwalen ya shiga shekara huɗu da suka wuce, har yau uwarsu ba ta kashe wayarta ko da za ta shiga wanka.

"Ke Rahimu! Aljanu ne suka hau kanki, ko akuya ce ta haife ki?"

Ta waiga da sauri. Lalla Tamu ce, maƙwabciyarsu mai gonar ƙasa, tsaye a kan katangar duwatsu da dammin itace a baya, malfarta ta karkace.

"Don Allah Gwaggo, rage murya."

"In rage murya? Ke kina rage wa kif kai, ni ce zan rage murya? Mu ga haɓar zanen nan. Innalillahi! Guda nawa kika kashe?"

"Ban kashe ba. Gwaggo, ba ki ga ɗoɗɗoyata ta cikin gwangwani ba? In na tsinke mata kai, biyu take fitarwa. In na ƙara, huɗu. Har ta rufe gwangwanin."

"Ɗoɗɗoya ce wannan?"

"Ganye dai ganye ne."

"Haka ne. Ni ma da Sarauniyar Sifen duk mata ne, ga ni nan da itace a baya." Lalla Tamu ta sauke dammin, ta sauko ta tsuguna, ta ɗaga wani tsiro da aka tsinke tana duban gurbin. Sai muryarta ta yi laushi. "Don yaron nan Mufaddal ne, ko?"

Rahimu ta gyaɗa kai.

"Surukinki ya sani?"

"In ya sani ai da kin ji daga gidanki."

"To ni ban zo ba, ban gani ba. Amma in ya kore ki, tabarmata guda ɗaya ce, kuma ina minshari."

Rabin gona Rahimu ta yi niyyar tsinkewa. Amma mai tsoro in ya fara abu, tsayawa ma tsoro take ba shi. Kafin hantsi ta gama da gonar duka, ta je ta tona bayan garken awaki ta binne kawunan.

Daga nan sai jira. Allah sarki, jira! Kwana ɗaya, biyu, uku, tsiron nan suka tsaya cak, kamar yaran da aka tsawata wa. Gurbin kan ya bushe ya yi baƙi. A gonakin maƙwabta kif na ta miƙa wuya, kullum sai ya ƙara ɗan yatsa, nata kuwa yana nan inda ta bar shi. Da asuba ta je ta duba, da azahar ta koma, kafin magariba ta sake komawa da sunan ɗauko akuya. Ta zuba gishiri a shayi. Ta ƙona burodi har sau biyu, ita da duk ƙauyen ke yabon burodinta. 'Yarta Zuhuru, mai shekara huɗu, ta tambaye ta dalilin da ya sa take magana ita kaɗai.

Ran kwana na biyar tana zuba wa surukinta ruwan alwala, sai tsohon ya cafke hannunta. Baba Ayyashi yanar ido ta rufe masa gani tun shekara uku, amma hancinsa da yatsunsa ba su tsufa ba. Ya kai hannun nata hanci, ya shaƙa.

"Cire ciyawa ba ya sa hannu wannan ƙamshin. Me kika yi a gonata?"

"Baba..."

"Kai ni."

Ta riƙe masa sanda suka hau gangaren. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa tsiro na farko tun daga gindi har sama, yatsunsa suka kai inda kai ya kamata ya kasance, suka tarar da wayam. Ya shafa na biyu. Ya ja gwiwa ya shafa na uku, na huɗu, na goma.

"Duka?"

"Duka, Baba."

Da ya zage ta da ta fi jin daɗi. Bai zage ta ba. Ya zauna a kan ƙasa, ya cire hularsa ya riƙe.

"Shekara sittin ina shuka irin nan. Daga hannun ubana na karɓa, shi ma daga hannun nasa. Ƙanƙara ta taɓa fille musu kai, na ce hukuncin Allah. Awaki sun taɓa shiga, na yanka uwar garken. Ke kuma me zan yi da ke, 'yar nan?"

"Baba, ɗanka ya ce in ya same ta yadda ya bar ta..."

"Na ji abin da ya ce. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau." Ya mayar da hularsa. "Da ya dawo ya sami gona mai sanƙo. Yanzu zai dawo ya sami maƙabarta. Tashe ni."

Kwana uku bai ci burodinta ba. Busasshen ɓaure yake ci da ruwa, in ta yi sallama ya amsa a taƙaice. Amma da Mufaddal ya bugo waya ranar Juma'a ya tambayi gona, Rahimu na bakin ƙofa tana saurare, sai ta ji tsohon ya ce, "Tana nan inda Allah ya ajiye ta," ya shiga zancen ciwon gwiwarsa.

Ran kwana na tara ta je da sassafe kamar kullum, ba don tana sa rai ba, sai don ƙafarta ta saba. Ta tsuguna gaban wani tsiro da ke gindin katanga, kusa da inda ruwan marmaro ke ratsowa. A ƙarƙashin baƙin gurbin nan, dama da hagu, wasu 'yan kunnuwa biyu kore sun leƙo, ƙanana kamar na ɓera. Ta duba na kusa da shi. Shi ma. Ta bi layi da rarrafe, tana dariya tana share hanci da haɓar mayafi. Da ta koma gida ba ta ce komai ba, ta dai kamo hannun tsohon ta kai shi ta ɗora yatsansa a wurin. Ya daɗe yana shafawa.

"Hm," in ji shi. Da rana ya ci burodi.

Kada ku ce gonar ta cika, ba ta cika ba. Inda ruwa ya wanke ya wanke, ƙasa na nan tsirara wuri-wuri. Amma abin da ya tsira sai ya shiga buɗe hannu, kowane ɗaya ya tare wurin uku, gajeru masu faɗi kamar kaji kan ƙwai. Mutane suka fara ratsowa ta bakin gonar da sunan neman jaki. Wasu su yi dariya, wasu su yi shiru. Shi kuwa na gindin katangar nan, da yake ƙafarsa na cikin danshi, ya fi kowa. Rahimu ta ƙara tsinke masa kai, biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, har ya kai mata ƙirji, mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu.

"Wannan ai amarya ce," in ji Lalla Tamu. "Dubi ƙugu! Ni ma haka nake kafin marigayi ya tsotse ni."

Sunan ya bi shi. Rahimu ta ɗauki hoton Amarya da waya, Zuhuru tsaye a gefe don a ga tsayi, ta aika wa mijinta. Kwana biyu bai amsa ba. A na uku ya bugo, muryarsa a daƙile. Ya ce masu kwalekwale sun sa ranar Alhamis da asuba, sun ce teku zai kwanta. Dole mutum ya kasance a bakin ruwa tun Laraba. Zai zo ran Litinin.

"Ka ga hoton?"

"Na gani. Hoto ai hoto ne."

Ran Litinin da la'asar ya iso, ya rame, tafin hannunsa duk siminti ya tsattsage shi. Ko shayi bai tsaya sha ba ya ce a je gona. Suka hau su uku, tsohon a tsakiya. Rahimu na satar kallon fuskarsa. Idonsa ya bi gonar daga sama har ƙasa, ya tsaya a wuraren da ke tsirara, ya daɗe a can. Sannan ya juyo ya ga Amarya.

Ya zagaye ta. Ya sake zagayewa. Ya tsuguna ya buɗa rassan yana ƙirgawa da leɓe.

"Tsiro ɗaya ne wannan?"

"Ɗaya ne, Baban Zuhuru."

"Baba, ka taɓa ganin irin wannan?"

"Ni da ba na ganin tafin hannuna? Matsa in ji."

Tsohon ya miƙa hannu ya shiga shafawa, reshe bayan reshe. Yatsunsa suka gangara hammatar wani reshe, inda ya rabu da kara, sai suka tsaya. Suka koma wani reshen, suka sake tsayawa. Rahimu ta ga gemunsa ya motsa kamar mai tauna abu.

"Masha Allah," in ji shi. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

Mufaddal na tsugune har yanzu. "In rabinsu suka yi rabin wannan," ya ce, sai bai ƙarasa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Bari in je in gaisa da mutane a shagon shayi. Da sauran kwana biyu."

Suna jin takunsa ya yi nisa, tsohon ya ce, "Matso, 'yar nan. Kawo yatsanki." Ya ɗora mata a hammatar reshen. Ta ji wasu 'yan ƙulle-ƙulle, ƙanana ƙwarai, ba su kai ƙwayar riɗi ba.

"Amaryarki ango ne."

Ta zauna a kan katanga. Kowace mace a dutsen nan ta san abin da wannan ke nufi, don su ke aikin tuge maza duk shekara. Namijin kif ba ya ba da komai sai ƙura. In ƙullen nan suka buɗe, iska ta ɗebi ƙurar ta bi gona da ita, matan su ɗauki ciki su cika da iri, danƙon da ake nema ya tafi. Shi ya sa ake tuge mazan da wuri, a bar 'yan kaɗan can gefe saboda irin baɗi.

"Ta yaya ban gani ba, Baba?"

"Da me za ki gani? Namiji da tsayi ake gane shi. Shi ke fara ɗaga kai sama da kowa, kamar na mutane, ku hango shi daga bakin gona ku je ku tuge. Ke kuwa kin bi kin fille musu kai duka, kin daidaita su. Kin ɓoye mana mazan. Wa ya san ko nawa ne a ciki? Sai an bi da yatsa, ɗaya-ɗaya."

"Kwana nawa kafin ya buɗe?"

"Uku, in an yi sanyi. In iskar gabas ta taso da zafinta, biyu. Kuma ba gonarmu kaɗai ba, ta Tamu na ƙasa da mu."

Ta dubi Amarya, ta dubi hanyar da mijinta ya bi. Motar Tituwan ta ƙarshe ran Laraba da la'asar take tashi.

"In na tuge shi yau, gobe ya zo ya ga rami."

"Haka ne."

"In na bar shi..."

"Haka ne."

"Baba, ka faɗa mini abin da zan yi."

Tsohon ya lalubi sandarsa. "Ni makaho ne. Ban ga komai ba. Kai ni gida, gwiwata na ciwo."

Talata ta zo ta wuce kamar shekara. Mufaddal ya yini yana gyaran rufin garke, aikin da mutum kan yi in zai zauna, kuma aikin da mutum kan yi in zai daɗe bai dawo ba. Jakarsa na jingine a bayan ƙofa, bai kwance ta ba. Rahimu ta bi gonar da sunan cire ciyawa, tana laluben hammatar rassa, ta sami maza goma sha ɗaya ta tuge ta tura ƙarƙashin ƙaya. Ko kashi ɗaya cikin uku ba ta bi ba. Amarya kuwa ta bar shi tsaye. Duk ganyen da ya motsa a bishiyar ɓaure sai ta ɗaga kai ta ga daga ina iskar take. Lalla Tamu ta ɗago mata hannu daga gonarta tana tsokana, "A gaida amarya!" Rahimu ta kasa haɗa ido da ita.

Ran Laraba gari ya waye da ɗumi. Ta je ta duba, ƙullen sun kumbura, sun fara rinjaya ƙasa, wasu sun yi fari-fari a baki. Bayan azahar Mufaddal ya yi wanka, ya sa jallabiyarsa ta ulu mai ruwan ƙasa, wadda yake tafiya da ita. Ya ɗauki Zuhuru ya cilla sama ya cafe. Ya durƙusa gaban ubansa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya rataya jaka ya ce zai leƙa gona.

Ta bi shi a baya. Ya ajiye jakar a kan katanga, ya tsuguna gaban Amarya. Daga nan ana hango hanya can ƙasa, da farar motar a gindin bishiya, direba na ɗaure kaya a sama. Aka yi kiran la'asar. Direban ya danna oda sau ɗaya. Ya ƙara, mai tsawo. Wani ya fito daga shagon shayi ya kare ido da hannu yana duban gangaren. Rahimu ta cusa hannuwanta cikin ɗamara. A bayan wuyanta ta ji wata iska mai ɗumi ta fara shafa ta.

Motar ta yi tari, ta tashi, ta sha kwana ta farko, ta biyu, dutse ya haɗiye ta.

Sai a lokacin Mufaddal ya miƙe. Ya tuɓe jallabiyar, ya buɗe ta, ya lulluɓa wa Amarya a hankali tun daga sama har ƙasa, kamar mai rufe yaro mai barci, ya tattare bakin a gindi don kada ko ƙwayar ƙura ta fita. Ya kafa ƙafa, ya ja. Saiwar ta fito da ƙara, da guntun ƙasa mai danshi.



"Tun ran Litinin na gani," in ji shi, bai dube ta ba. "A gonar nan aka yanke mini cibi, Rahimu."

"To me ya sa ba ka..."

"Guda nawa kika samu jiya?"

"Sha ɗaya."

"Da saura." Ya ɗora ƙunshin a bayan katanga, ya danne da dutse, ya ɗaga kai ya dubi bishiyar ɓaure, ganyenta duk sun juya baya. "Ki fara daga sama, ni in fara daga ƙasa. Ki ƙwala wa Gwaggo Tamu kira ta zo ta taya mu, ta zage mu daga baya."